Lissafin Da Ya Ƙi Zama

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tsaye yake a ƙofar ɗakin kwamfutoci na sashen lissafi, takalmansa duk busasshen taɓo, laftof a hammata, yana duba ƙofofi kamar wanda ya ɓata a asibiti.

"Don Allah Farfesa nake nema," ya ce.

"Ya yi tafiya. Ni ɗalibarsa ce. Lafiya?"

Ya shafa ƙeya. "Ni injiniya ne a kamfanin ruwa. Gaskiya ban san yadda zan faɗa ba. Ina ganin ka'idarsa ba ta aiki."

Yatsun Auta suka tsaya cak a kan madannai. Tun tana 'yar ƙarama take jin baƙi suna ambaton wannan ka'ida a falonsu cikin ladabi. Ita ta ɗaga sunan mahaifinta, ita ake koyarwa a aji, kuma a kanta Auta take rubuta kundin digirinta na biyu. Ba ta taɓa jin wani mahaluƙi ya haɗa ta da kalmar "ba ta aiki" ba.

Ba ta ce masa Farfesa mahaifinta ne ba. Kujera kawai ta tura masa da ƙafa. "Zauna ka nuna mini."

Ya buɗe laftof. An ba shi aikin shimfiɗa bututun ruwa zuwa wata sabuwar unguwa da ke kan tudu, kuma dole ya san ƙarfin ruwa a kowace mahaɗa kafin a sayi bututun. Lissafi ne mai dubban lambobi da ba a warware shi kai tsaye. Ana raba matiriks ɗin, wato babban jadawalin lambobin, gida biyu: ɓangare mai sauƙin warwarewa da kuma ragowa. Sai a fara da kintace, a yi ta zagaye ana gyarawa har amsa ta zauna wuri ɗaya.

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ɗaya ba ta amfani da sababbin lambobi sai zagaye ya cika, ɗalibai suna ce mata mai jira. Ɗayar kuwa da ta samu sabuwar lamba take saka ta a aiki, suna ce mata mai hanzari. Ka'idar Farfesa ta ce a irin wannan jadawali, mai hanzari kullum ita ke riga isa.

Injiniya ya danna. Mai jira ta tafi sannu a hankali, lambobinta suka lafa, amsa ta zauna. Ya sake dannawa. Mai hanzari ta fara da kyau, sai lambobin suka shiga kumbura, suna ninkuwa, har suka cika fuskar kwamfutar.

Auta ta matso kusa da laftof ɗin.

"Kuskuren yana cikin manhajar da ka rubuta," ta ce da sauri.

"Ni ma fatana ke nan, Malama. In haka ne na huta."

"Bar mini. Zan nemo maka shi."

Ya yi murmushi, a nan ta lura yana da wushirya. Ta ji haushin kanta da ta lura.

Ta bi manhajarsa layi-layi ba ta samu komai ba. Ta goge, ta rubuta tata daga farko, lambobin suka sake kumbura. Shi kuwa kullum ya tashi aiki sai ya biyo, ya ajiye mata shayi a kofin takarda, ya zauna gefe yana kallonta tana faɗa da allo. Ta laƙaba masa Mai Ruwa, shi kuma yana ce mata Malamata.

Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Malamata, yau ba zan samu zuwa ba, bututu ya fashe. Amma ki sani ina addu'a kada ki gano kuskurena da wuri. In kin gano, da wace hujja zan riƙa zuwa?"

Ta karanta sau biyu, ta kifa wayar a kan tebur, ta sake ɗagowa.

"Mai Ruwa, ka gyara bututunka. Hujja ba ta yi maka wuya ba ranar farko, ba za ta yi maka wuya yanzu ba."

Ranar da Farfesa ya dawo, ya leƙo ɗakin ya ce, "Auta, Ummanki ta ce ki biya ki karɓo mata magani." Ya wuce bai ko kalli baƙon ba. Injiniya ya miƙe tsaye, kofin shayi a hannunsa.

"Babanki ne?"

"Babana ne."

"Kika bar ni na tsaya a gabanki na ce ka'idar mahaifinki ba ta aiki?"

"Ai ba ka tambaye ni ba."

Ya koma ya zauna a hankali, ya dafe kai. Ta daɗe ba ta yi dariya irin ta ranar ba.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Tun da manhajar ba ta da laifi, Auta ta fara rage jadawalin, tana cire mahaɗa bayan mahaɗa don ta ga inda cutar take. Ta gano cewa injin tura ruwa zuwa tudu ne ke shigo da lambobi masu alamar ragi cikin ragowar. Ta ci gaba da ragewa har ya zama ɗan jadawali mai layi uku, lambobi tara kacal, wanda ɗan aji ɗaya zai iya bi da biro. Ya cika duk sharuɗɗan da Babanta ya gindaya. Mai jira ta zauna. Mai hanzari ta watse.

Ta ɗauko maka, alƙalamin rubutu a farin allo, ta miƙa masa. "Rubuta mini a allo," ta ce wa Injiniya. "Wataƙila in na gani daga nesa zan ga inda na ɓata."

Ya rubuta tana faɗa masa. Suka ja baya suka tsaya suna kallo. Babu inda ta ɓata.

Ta zauna a bakin tebur. "Ka san abin da wannan yake nufi? Kundina ya rushe. Kuma Baba... shekara da shekaru ana kiran sunansa da wannan abin."

"Sai ki gaya masa."

"Ba zan iya ba. Ba yanzu ba. Ka yi mini alkawari ba wanda zai ji."

"Na yi." Ya tsugunna daidai fuskarta. "Malamata, na yi nadamar kawo miki wannan. Abin da ban yi nadama ba shi ne zuwan. Ina sonki, kuma aurenki nake so in yi. Na san ba lokacinsa ba ne, amma in na ƙara riƙewa zan fashe kamar bututun ran nan."

Ta dube shi baki buɗe, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata. "A gaban wannan allon za ka gaya mini?"

"Inda na same ki ke nan."

Suka fita tare. Babu wanda ya tuna ya goge allon.

A sashen akwai wani malami da kowa ke kira Dakta, tsohon ɗalibin Farfesa kuma na hannun damansa. Ya daɗe yana zuwa gidansu da sunan gaisuwa, yana zama a falo har sai Auta ta fito. Farfesa bai taɓa ɓoye cewa zai so hakan ba, ita kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su.

Bayan 'yan kwanaki Injiniya ya turo yayan mahaifinsa neman izinin fara zuwa zance. Baba ya karɓe shi a tsaye, ya sallame shi a tsaye. Da baƙon ya fita, ya kira Auta falo, ya ajiye wayarsa a gabanta. Hoton allon ne, lambobi tara da rubutun Injiniya.

"Kin san wannan?"

Ta ɗauki wayar ta duba.

"Yaron da ya turo mini mutum yau shi ya rubuta," in ji Baba, muryarsa a ƙasa. "An ce yana yawo da shi yana nuna wa mutane, zai kai mujallar masana ya yi suna da ni. Ta hanyarki ya shigo, ke kuma kika buɗe masa ƙofa. In abin gaskiya ne, me ya hana shi zuwa ofishina kamar mai mutunci? Kada in sake ganinsa a gidan nan ko a sashena."

"Baba..."

"Na gama."

Gaskiyar na bakinta, ta ƙi fitowa. Ta shiga ɗaki. Su biyu ne kaɗai a wurin ranar. In hoto ya fita, wa ya fitar da shi?

"Ka yi mini alkawari. Hoton yana wayar Baba. Kada ka sake nemana."

Amsarsa ta zo nan take.

"Wallahi Malamata ban ɗauki hoto ba, ban nuna wa kowa ba. Ko shugabana a wurin aiki bai sani ba. Ki ɗaga waya in ji muryarki."

Ba ta ɗaga ba. Ta rufe lambarsa.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su kamar marar lafiya. Umma ta zuba mata ido, sai dai ta ajiye mata abinci ta dawo ta ɗauke shi yadda yake. Abu ɗaya ya hana Auta zaucewa, shi ne aikin. Ta koma kan hujjar Babanta tana bi sannu, har ta kai wani layi inda ya ninka ɓangarori biyu ya ɗauka cewa babba zai ci gaba da zama babba. Hakan gaskiya ne, amma sai in babu alamar ragi a cikin ragowar. Sharaɗi ɗaya ne ya faɗi. In an mayar da shi, ka'idar ta tsaya da ƙafafunta, sai dai ta ɗan rage faɗi.

Ta gano gyaran, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ran nan Dakta ya tare ta a matakalar sashe, yana gyara hannun riga.

"Ƙanwata, kin rame. Kada ki damu da wancan mai bututun, Allah ne ya rufa asiri. Da ban shiga ɗakin nan neman caja na ga allon ba, da yanzu Farfesa ya sha kunya."

Auta ta riƙe ƙarfen matakala. "Kai ka ɗauki hoton?"

"Ni ne mana."

"Wa ya gaya maka zai kai mujalla?"

Ya ɗan yi tari. "To, ai abu ne a fili. Me zai yi da shi in ba haka ba?"

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Ta ciro waya ta buɗe lambar da ta rufe. Saƙonni suka yi ta shigowa, ta buɗe na ƙarshe, na safiyar ranar.

"Malamata, na gane ba ki gaya masa ke kika samo ba. Ba sai kin gaya masa ba. Yau zan je ofishinsa in ce nawa ne, in ba shi haƙuri, in yi masa alkawarin ba zai fita ba. Gara ya ƙi ni da ya ƙi ki. Ki ci abinci don Allah."

Ta haura matakalar da gudu.

Ƙofar ofishin a ɗan buɗe take. Injiniya na tsaye gaban farin allo, maka a hannunsa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Baba na zaune ya harɗe hannuwa.

"Ka ce naka ne," Baba ke cewa. "Na ji. To nuna mini yadda ka same shi. Me ya sa ka sa biyu a nan ba uku ba?"

"Ranka ya daɗe... gwadawa na yi ta yi."

"Gwadawa. To wane layi na hujjata ya karya?"

Injiniya ya kalli allo, ya kalli maka, kamar amsar na rubuce a jikinta.

Auta ta tura ƙofar. "Ba zai iya faɗa ba, Baba. Ni na samo shi. Shi rubutawa kawai ya yi."

Baba ya juyo a hankali. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zare mata jini. Can ya nuna makar da haɓa. "Ba ta."

Ta karɓa. Ta rubuta lambobi taran, ta bi mai jira har ta zauna, ta bi mai hanzari har ta watse. Ta rubuta layin hujjarsa daga ka, ta ja layi a ƙarƙashin inda sharaɗin ya faɗi. Sannan ta rubuta sabon sharaɗin, ta sake bin hujjar har ƙarshe.

Baba ya tashi, ya sa tabarau, ya matso dab da allon. Ya daɗe yana bi da yatsa.

"Na koyar da wannan layin ga ɗalibai ba iyaka," ya ce kamar mai magana da kansa. "Masu tantancewa sun karanta. Ni na karanta. Babu wanda ya gani." Ya cire tabaran, ya koma kujera ya zauna da nauyi. "Tun yaushe kika sani?"

Ta faɗa masa.

"Kina zaune da ni a tebur ɗaya kina miƙo mini ruwa, da wannan a cikinki? Auta, ni na koya miki ƙirga da yatsu. Kin ɗauka sunana ya fi mini gaskiya? Kika gaya wa baƙo, kika ɓoye mini?"

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta durƙusa gefen kujerarsa. "Tsoro na ji, Baba. Ban so in zama ni ce na..."

"Da wani ne ya gano ai da ya fi zafi." Ya ɗora hannu a kanta. Sai ya ɗago ya dubi Injiniya. "Kai kuma. Ka shigo ofishina ka kalli idona ka yi mini ƙarya."

"Na yi, ranka ya daɗe. A gafarce ni."

"Je ka yi amfani da mai jira, mutane na jiran ruwa. Sauran magana ba yau ba."

Ba ranar ba ce kuwa, ba kuma makon ba. A gida Baba ya kafe cewa ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba. Auta, wadda ta riga ta gaya wa Umma komai, na kicin tana jiyo su.

"Ƙaryar me ya yi?" in ji Umma. "Ya zo ya ɗauki laifin da ba nasa ba don kada ka yi fushi da 'yarka. Wancan Daktan da kake yabo kuma ya kawo maka hoto ya ƙara da abin da bai gani ba. A cikinsu wa za ka ba amana?"

"Ke ba ki san lissafi ba."

"Ban sani ba. Amma na san lokacin da kai ka gaya wa mahaifina kana da aiki alhali takardar ba ta fito ba."

Auta ta toshe baki da mayafi. Daga falo ba a sake jin komai ba sai ƙarar cokali a kofi.

A taron ƙara wa juna sani na sashe da ya biyo baya, ɗakin ya cika. Farfesa ya hau gaba ba takarda a hannunsa, ya ce ka'idar da aka san shi da ita tana da giɓi, ɗalibarsa ce ta gano kuma ita ta gyara, gyaran zai fita da sunanta a gaba. Wani tsohon malami ya cire tabarau ya goge ya mayar. Dakta ya sunkuyar da kai, kafin a tashi ya sulale.

"Akwai kuma wanda ya kawo matsalar tun farko," Farfesa ya ƙara, yana duban layin baya inda Injiniya ya raɓe. "Ba ya iya ƙarya, na gwada shi. Ka gaya wa baffanka ya dawo. Wannan karon zan ba shi kujera."

Injiniya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Auta ta rufe fuska da tafukanta.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Malamata, a gaban mutane ya faɗa ko kunnena ne? Ki tabbatar mini."

"Ya faɗa, Mai Ruwana. Ka yafe mini zargin da na yi maka. Da na ɗaga wayar nan da ban wahalar da mu ba."

"Na yafe tun kafin ki rufe lambar. Ki dai riƙa ɗagawa daga yau."

An ɗaura auren bayan ta kare kundinta, a makon da ruwa ya fara isa unguwar kan tudu. Gidan ya cika da 'yan uwa da malamai da abokan aikin ango. Da lokacin tafiyarta ya yi, aka kawo ta gaban iyayenta, angon na durƙushe a gefenta.

Baba, wanda ya saba magana a gaban ɗaruruwan mutane, ya buɗe baki murya ta ƙi fita. Ya gwada sau biyu. Umma ta taɓa gwiwarsa.

"Ga ta nan," ya ce daga ƙarshe. "Ita ce ƙaramarmu. In ta ga ka yi kuskure za ta ji nauyin faɗa maka, don haka ka riƙa tambayarta. Ke kuma ki riƙa faɗa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin ya amsa da amin. Umma ta rungume ta tana share mata hawaye da gefen mayafi, tana sa mata albarka a kunne.

A mota, angon ya daɗe yana kallon hannunta cikin nasa.

"Lafiya?" ta tambaya a hankali.

"Har yanzu jira nake wani ya buɗe ƙofar nan ya ce an yi kuskure."

Ta matse yatsunsa, ta jingina kai a kafaɗarsa. "Na duba da kaina," ta ce. "Babu."